Jiƙon Alhamis da Malama Hajara Ta Sha Domina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina tankaɗen garin tuwo aka kira ni aka ce Malama Hajara ta rasu. Da asuba, a gidan ɗanta na Ƙofar 'Yandaka. Kafin in nemo mayafi har an kai ta.

Na zauna a kan turmi da rariya a hannu, ban san lokacin da kaji suka hau garin ba.

Masu kirana tun ɗazu ba na ɗagawa, ku yi haƙuri. Maigidan yana nan lafiya, sai gwiwar nan da ta hana shi zuwa masallaci da ƙafa. Babbar ɗiyata da yaranta lafiya lau. 'Ya'yana maza ma duk ƙalau. Auta ce ba ta jin daɗi. Watan cikinta na tara ya kama, ta dawo gabana, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, ko tari ta yi sai gabana ya faɗi. Ni kuma jinina ya hau tun safe, na sha ƙwaya.

Amma ba ciwo ya hana ni ɗaga waya ba. Abin da na gani a gurup ɗin matan unguwa ne.

Wata ta sa sanarwar rasuwar. Wata yarinya ta tambaya, “Wace Malama Hajara?” Aka ba ta amsa, “Sha-ɗaci mana. Wadda ta sha jiƙo ta samu aikin gwamnati.” Aka bi da Allah ya jiƙan ta, aka wuce zuwa tallan atamfa.

Na san ba da mugunta aka rubuta ba. Shi ya fi tayar mani da zuciya. Sunan ya zauna daram kamar na yanka. Kuma ɗiyar Malama tana cikin gurup ɗin. Na ga alamar ta karanta.

Ni na jawo mata wannan suna. Ni Binta ta Ƙofar Guga.

Yau zan faɗi yadda aka yi. Da yatsa ɗaya nake rubutu, kuma ban yarda kowa ya taya ni ba, don haka ku yi haƙuri da ni.

Shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na matan aure a wani gida a unguwarmu. Lokacin ina dab da arba'in, ko harafi ɗaya na boko ban sani ba. Abin da ya kai ni, na taɓa ɗura wa yarona maganin ƙaiƙayi a baki, don kwalbarsa ta yi kama da ta maganin tari. Allah ya kiyaye, amai kawai ya yi. Tun ranar nake tsoron kwalba mai rubutu.

Na shiga ajin a makare da mako uku, don maigidan bai samu zama ya ba ni izini ba. Yana can yawon liƙa fosta.

Ku riƙe maganar fostar nan, za mu dawo kanta.

Malama Hajara siririya ce, ba ta kai ni shekaru ba, da tabarau da ta ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ba a ɗauke ta aiki ba tukuna, ɗan alawus ake ba ta. Ranar farko ta dafa hannuna a kan fensir ta ce, “Binta, sassauta. Ba muciya ba ce.”

Ta rubuta mani sunayen 'ya'yana a bayan kwalin sukari, ta ce in rataye kusa da murhu in riƙa kallo ina tuƙi. Da ta zo kan ta farin ta lura na sunkuyar da kai, sai ta ce, “Ba sai kin faɗa ba. Rubutu ba ya jin kunya, shi zai faɗa maki.”

Haka take.

Kowace Alhamis bayan darasi muna ɗan zaman walima. Wannan ta kawo gyaɗa, wannan aya, wannan zoɓo, mu baje a tabarmi. Sai a yi wasa. Malama ta yayyanka takardu, kowace da kalma ɗaya, ta zuba a ƙwarya. Ana tafi ana miƙa ƙwaryar hannu zuwa hannu, mace ɗaya ta juya mana baya. In ta ce “tsaya,” wadda ƙwaryar ke hannunta ta zaro takarda ta karanta. In ta karanta a yi mata guɗa. In ta kasa, ludayi ɗaya na jiƙo.

Jiƙon nan ba shawarar Malama ba ce. Yaya Indo ce ta kawo shi, babbar cikinmu, mai sayar da daddawa. Ta ce wasan da ba hukunci wasan yara ne. Malama ta so ta hana, mata suka ce in ba jiƙo ba za su zo ba. Ita kuma an gaya mata in ɗalibai suka ragu za a rufe ajin. Sai ta haƙura.

Ban san yadda zan kwatanta maku abin nan ba.

Ɓawon maɗaci ne da ganyen bedi, wato dogon yaro, da shuwaka da garahuni, a jiƙa su tun Talata a cikin tulu, a jefa jar kanwa, a rufe. Ranar Alhamis in an buɗe, launinsa kamar ruwan kwata, da wata kumfa kore-kore a sama. In an ɗaga ludayi yana biyo shi da yauƙi. Warin yakan riga tulun shigowa tsakar gida. Na ga ƙuda ya nufo shi ya canza hanya.

Wadda ta sha, idonta ya kawo ruwa, wuyanta ya ɗaɗɗaure, ta riƙa kakari tana neman inda za ta tofa. Sauran kuma suna dariya har da faɗuwa. Wata ta ce mana har sallar Juma'a ɗacin bai bar maƙogwaronta ba. Wata ta ce mijinta ya shigo ɗaki ya tambaye ta ko ɓera ya mutu a ƙarƙashin gado.

Manyan mata, wasu da jikoki, mun zauna muna ɗura wa juna ƙazanta muna tafi.

Amma wasan yana da doka ɗaya. Mai ciki ba ta sha. Kowa ya san maɗaci da bedi ba abin wasa ba ne ga mai ƙaramin ciki. Faɗa kawai za ki yi, a canza maki hukunci, ki yi rawa ko kukan akuya, a wuce.

To ni ina da ciki wata biyu.

Babbar ɗiyata kuma tana da na wata bakwai, cikinta na fari.

Yaran yanzu ba za ku gane ba. Uwa ta yi ciki tare da ɗiyarta, a lokacinmu abin a rufe fuska ne. Yaya Indo da kanta ta taɓa yi wa wata mata waƙa a kan haka, yara suka ɗauka, matar ta yi wata uku ba ta leƙa ko gidan suna ba. Ni ko maigidan ban gaya mashi ba. Ina ɗaura zani sama, ina yafa babban mayafi, ina tofar da miyau a ɓoye.

Alhamis ta farko Allah ya tsallakar da ni. Ta biyu ƙwarya ta tsaya a hannuna.

Na zaro takarda. Na ga baƙaƙe kamar tururuwa. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa.

Yaya Indo ta ce, “Ko a gicciye za ki riƙe ta, ba za ta yi maki magana ba. Ku miƙo mata shayinta.”

Aka ciko ludayi aka danƙa mani. Warin ya doki hancina. Abu biyu ne a gabana. In faɗi gaskiya unguwa ta ɗauka, ko in sha in jira abin da zai faru da abin da ke cikina.

Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba, sai yau: sha na zaɓa. Na rufe ido na kai ludayin bakina.

Sai na ji an riƙe mani hannu.

Malama ce. Ta karɓe ludayin a hankali don kada ya zube, ta ce, “Binta a makare ta zo. Ban kai ta inda kuke ba tukuna, laifin nawa ne. Nata ni zan sha.”

Yaya Indo ta ce, “Malama, ba a haka.”

Ta ce, “Yau an fara.”

Ta cire tabarau ta ajiye a cinya, ta yi bisimilla, ta shanye. Ina kallon maƙogwaronta yana hawa yana sauka. Ta ajiye ludayi, hawaye na bin kumatunta, ta ƙi yarda ta yamutsa fuska. Can ta ce, “Yaya Indo, Allah ya shirye ki,” aka fashe da dariya.

Da aka tashi ta tsayar da ni a zaure. Tana magana tana kare baki da gefen mayafi.

Ta ce, “Wata nawa?”

Na ce, “Na me, Malama?”

Ta ce, “Binta, mako biyu ina kallon ki kina kauce wa tabarmar mai daddawa. Wata nawa?”

Na ce biyu. Na fara kuka, na roƙe ta don Allah kada ta faɗa.

Ta ce, “Ba bakina za a ji ba. Amma ki dage da karatu, don cikina ba na ƙarfe ba ne.”

Washegari ta aiko mani da lemun tsami guda biyar a ƙulle cikin takarda, wai na tashin zuciya. Ita da ya kamata a aika mawa.

Kaina kuwa ya ƙi ɗauka da wuri. Ga laulayi, ga tsufa, ga tsoro. Ko kalmar da na sani a gida, in ƙwarya ta tsaya a hannuna sai ta gudu. Kuma da mata suka gane Malama ce za ta sha, sai mai juya baya ta riƙa satar kallo, ta ce “tsaya” daidai kaina. Wa zai ƙi ganin malamarsa tana kakari?

Yaya Indo kuma ta ƙara ƙaimi. Wani mako ta zuba ruwan daddawa. Wani mako ruwan da aka wanke busasshen kifi. Akwai ranar da ta sa kindirmon da ya kwana huɗu, ya tsinke, yana yawo a sama gudaji-gudaji. Ranar Malama ta sha rabi, ta tsaya, ta dubi sauran, ta dube ni, ta ƙarasa. Ta tashi ta zagaya bayan ɗaki. Duk muna jin ta.

Ni ina zaune ina ɓare gyaɗa.

Sau tara ta sha. Ban manta ko ɗaya ba.

Ana nan wata mata mai suna Larai ta shigo ajin, ita ta fi ni makara. Ranar ƙwarya ta fara tsayawa kaina, Malama ta sha. Aka sake zagaye ta tsaya kan Larai, ta kasa. Ta riƙe ludayi tana kallon Malama, tana jiran a karɓa. Malama kuwa fuskarta ta riga ta canza launi, ta dafe ciki, ba ta motsa ba.

Larai ta sha, tana kuka tana tofarwa.

Sai Yaya Indo ta ce, “Ashe makarar ma iri-iri ce. Ludayin Malama ya san gidan da ake dama sitacin liƙa fosta.”

Daga nan aka yi irin dariyar nan ta ƙasa-ƙasa.

Ga maganar fosta. Maigidan ɗan kwamitin mazaɓa ne a lokacin, kuma wanda suka yi wa yawo ya ci kansila. Sai mata suka ɗauka yana da ƙafa a wurin manya. Wallahi abin da ya samu a siyasar nan hula ce ɗaya, da wata atamfa mai fuskar mutum da na yi labulen kicin da ita. Ko ƙofar ofishin ba a barin shi ya wuce. Amma magana ta fita: Malama tana sha wa matar ɗan siyasa jiƙo don a ɗauke ta aiki.

Na dubi Malama ranar, ina jiran ta kare kanta. Ta gyara tabarau ta ce, “A ci gaba.”

Kalma uku ce za ta wanke ta, kuma a bakina take. Ina da ciki. Na haɗiye.

Na koma gida na kama karatu kamar mai neman tsira. Ina tuƙi ina kallon kwalin sukari. Na cika bangon kicin da rubutun gawayi, har maigidan ya tambaya ko aljanu na fara yi. Ba son ilimi ba ne ya kama ni, kada in yi maku ƙarya. Na gaji da jin ƙarar da take yi a bayan ɗakin nan.

Wata Alhamis ƙwarya ta tsaya, na zaro. Yaya Indo har ta fara cika ludayi. Na bi baƙaƙen da yatsa ɗaya bayan ɗaya na ce, “Tukunya.”

Malama ta karɓi takardar ta duba kamar ba ita ta rubuta ba. Ta ce, “Alhamdu lillahi. Yau zan ci tuwon dare da ɗanɗanonsa.”

Daga ranar ba ta sake sha ba.

Ba a daɗe ba aka kammala ajin. Bayan 'yan watanni aka ɗauki malamai aiki, sunanta ya fito, don ta zauna jarrabawa ta ci da hannunta. Amma a unguwa an gama yanke hukunci. “Ba mun faɗa ba?” Daga nan Sha-ɗaci ya bi ta. A gidan biki, a gidan gaisuwa, har yaranta a makaranta ana ce masu 'ya'yan Sha-ɗaci.

Na haifi Auta lafiya. Kun zo suna, kun ci tuwo, kun yi mani tsiyar da nake gudu, Yaya Indo ta yi waƙarta, mako biyu aka manta. Abin da na yi ta tsoro ke nan, mako biyu.

Ba wadda ta zauna ta ƙirga watanni baya. Ni kuma na ji daɗi da ba ku ƙirga ba, don yanzu kunyar ta canza. In na faɗa, za a ce ina zaune aka ɓata mace ban buɗe baki ba. Kowace shekara faɗar tana ƙara nauyi.

Na so a sa wa jaririyar Hajara. Na ji tsoron kada a gane, na bari aka sa wani sunan.

Malama ta zo barka da sabulu da 'yar riga. Ta ɗauki yarinyar ta daɗe tana kallon ta. Ba ta ce mani komai ba sai, “Ki riƙa karanta kwalba kafin ki ba ta.”

Na riƙa canza hanya in na hango ta. Ba don ta taɓa nuna mani a fuska ba. Da ta nuna ma da ya fi mani sauƙi.

Lokacin bikin Auta ƙawayenta suka yi liyafa a tsakar gidan nan. Na fito na tarar sun jera kofuna, suna wasan tambaya, wadda ta faɗi ta ɗauki kofi. Ɗanyen ƙwai a cikin lemun kwalba, dunƙulen miya a cikin madara, manja da toka da barkono. Wata tana sha tana kakari, sauran sun haska ta da waya suna dariya. Ban san lokacin da na kwashe kofunan na watsa a makwarara ba. Na ce a cikinku wa ya san wadda ke ɗauke da abin da ba za ta iya faɗa ba? Suka ce Mama ta cika tsoro, wasa ne kawai. Auta ta yi kwana biyu tana fushi da ni.

Ba su san me na gani a kofunan nan ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe wata biyu ke nan. Na raka Auta awo, sai na hango Malama a benci tana jiran likita. Ta rame ƙwarai, gashin da ya leƙo ta gefen ɗankwali duk fari. Ba hanyar kaucewa. Na durƙusa na gaishe ta, muka gaisa har da tambayar jikoki ɗaya bayan ɗaya, duk ta riƙe sunayensu.

Na daure na ce, “Malama, ba dai abin nan ne ya taɓa maki ciki ba?”

Ta yi dariya har ta yi tari. Ta ce, “Suga ne, Binta. Likita ya hana ni duk wani abu mai daɗi. Da Indo za ta taimaka da tulunta ai da na gode.”

Sai ta dubi Auta, ta dubi cikinta. Ta ce, “Wannan ce?”

Na ce ita ce.

Ta ce, “Ma sha Allah. Ludayin bai tafi a banza ba.”

Auta ta ce, “Wane ludayi, Mama?”

Na ce wata tsohuwar magana ce, je ki kama layi. A gaban Malama na sake haɗiyewa.

Da Auta ta matsa, na ce, “Malama, zan faɗa masu. Wallahi zan faɗa.”

Ta ce, “Ni na daɗe da sabawa, har juyawa nake in an kira. Yarana ne abin ke yi wa ciwo.” Sannan ta ce, “In za ki faɗa, rubutawa za ki yi. Ban koya maki don karanta kwalba kaɗai ba.”

Na ce to. Na dawo gida na ce sai Auta ta haihu, hankalina ya kwanta. Kullum akwai abin da nake jira.

Ga shi ta tafi ba ta karanta ba.

Akwai abin da ban gaya maku ba. Duk kwatancen da na yi maku na jiƙon nan, da hanci da ido na san shi. Ban taɓa ɗanɗana shi ba. A duk ajin ni kaɗai ce ban sha ba.

Ɗazu da na dawo daga gaisuwa na tsinko ganyen bedi a ƙofar gida, na roƙi ɓawon maɗaci wurin maƙwabciya, na haɗa da shuwaka da kanwa da ruwan daddawa. Ban da kwana biyun jiƙawa, sai na tafasa na bari ya huce. Na ciko ludayi, na yi bisimilla kamar yadda take yi.

Ɗacin bai tsaya a harshe ba. Ya bi haƙora, ya hau hanci, ya shiga kunne. Kanwar ta sa shi santsi kamar majina, daddawar ta biyo baya da ɗoyi. Maƙogwarona ya rufe ya ƙi karɓa. Na tilasta rabi, sauran ya dawo ta hanci. Na durƙusa a bakin makwarara ina amai har da kumallo.

Rabin ludayi ke nan, ba kifi, ba ruɓaɓɓen kindirmo. Ita tara ta sha, tana zaune a miƙe, sannan ta ce a ci gaba.

A haka Auta ta fito ta same ni. Ta ce, “Mama, me kika sha? Ke da hawan jini?”

Na gaya mata duka, ina durƙushe a wurin. Har da cewa na kai ludayin bakina ranar, ina sane da ita a ciki.

Can ta ce, “Tsohuwar nan ta asibiti?”

Na ce ita.

Sai ta miƙa hannu wajen tukunyar, wai bari ta ɗan taɓa a harshe ta ji. Na buge hannun, na kife tukunyar a ƙasa. Na ce, “Ke da cikinki?”

Ta zauna a gefena a kan siminti, da kumburarrun ƙafafunta, muka yi kuka. Daga baya ta ɗauko mani wayar ta ce, “To rubuta.”

Ga shi na rubuta.

Malama Hajara ba ta sha jiƙo don aiki ba. Maigidana bai taɓa kai sunanta ko'ina ba, bai ma san maganar ba sai yau. Ta sha ne don ta rufa asirin wata matsoraciya, ta kuma tsare ran yarinyar da ba ta haɗa komai da ita ba. Yarinyar ga ta nan kusa da ni, tana jiran haihuwa yau ko gobe.

Ɗiyar Malama, na san za ki ga wannan. Ban da bakin da zan ba ku haƙuri. Zan zo in faɗa maku a gabanku.

Yaya Indo, na san idonki ya yi rauni, a karanta maki. Ba na ɗora maki, ke abin da kika gani kika faɗa. Ni da na sani na yi shiru na fi ki laifi. Larai, ranar nan ba raina ki Malama ta yi ba, cikinta ne ya cika da jiƙon da ta sha domina.

Jibi Alhamis ne addu'ar uku. Ina so mu 'yan ajin nan da muka rage mu shiga gidan tare, mu zauna gaban 'ya'yanta, mu kira uwarsu da sunanta. Duk wadda ta zauna a tabarmar nan, da duk wadda sunan nan ya taɓa fita daga bakinta, ta rubuta mani amsa a ƙasa kafin azahar ɗin gobe Laraba, in san mu nawa ne. Wadda hannunta ya manta rubutu ta aiko da murya. In ba wadda ta amsa zan tafi ni kaɗai, amma ina roƙon ku kada ku bar ni.

Wadda ta rubuta Sha-ɗaci a gurup da safe kuma, don Allah ki goge.

Ya Allah, ka jiƙan Malama Hajara. Ka rufa mata asiri yadda ta rufa mani. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi da kowane harafi da ta koyar. Ka shayar da ita daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ruwan da ba ɗaci a bayansa. Ka ba 'ya'yanta haƙuri, ka yafe mani shiruna.

Duk wanda ya karanta ya yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ya sa Auta a ciki, Allah ya sauke ta lafiya.

In za ku yi mata addu'a, Hajara ne sunanta.